Ratar da Ke Bayan Gilashi: Tarihin Ido Mai Faɗin Gani

Duk wanda Allah ya hore wa abin hannu har ya mallaki irin kyamarar nan ta Leica M ta zamanin dijital, wadda ake auna nisa da ita ta wata 'yar taga, sa'an nan ya zauna yana tufka da warwara a kan wane ido mai faɗin gani ya kamata ya ɗaura mata, ko na milimita 35, ko na 28, ko kuwa na 21, to ya sani mas'alar da ta hana shi barci ta girme shi, ta ma girmi mahaifinsa, domin kuwa kusan shekara ɗari ke nan maƙeran gilashi na ƙasar Jamus da almajiransu na Japan suke saɓani a kanta, har yau ba a kai ga ijma'i ba. Abin da muke kira ido a nan shi ne jerin gilasan da ke gaban kyamara, waɗanda ke tattara haske su zuba shi inda hoto zai zauna. Wanda muke zance a kansa kuwa shi ne mai awo guda, wanda ba ya zuƙo abu ba ya tura shi, in kana son abin ya ƙara girma sai ka taka da ƙafarka ka matsa kusa. Yawancinsu ba su fi ƙwan agwagwa girma ba, amma kuɗin wani daga cikinsu ya isa sayen mota, saboda haka babu laifi mutum ya nemi sanin silsilar abin tun bai kwance lalitarsa ba.

Babban tushen wannan ilmi yana komawa ga Alhasan ɗan Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, wanda ya wallafa Kitabul Manaziri kimanin shekara dubu da suka wuce, ya kafa hujja cewa haske ne ke tasowa daga abin da ake kallo ya shigo ido a miƙe, ya kuma jarraba haka da ɗaki mai duhu da 'yar kafa a bango. Tsakanin waccan kafa da gilashin yau akwai tafiya mai nisa, mu kuwa ba za mu bi ta zango-zango ba, za mu ya da zango ne kai tsaye a Wetzlar, wani ƙaramin gari a bakin kogin Lahn cikin jihar Hesse, wanda a da da alƙalai aka san shi, domin nan ne mazaunin babbar kotun daular Jamusawa har zuwa 1806, lokacin da daular ta rushe, kotun ta watse, garin ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. A 1849 wani saurayi mai suna Carl Kellner ya buɗe 'yar maƙerar gilashi a garin, tarin fuka ya ɗauke shi a 1855 bai cika shekara talatin ba, maƙerar ta yi ta sauya hannu har ta faɗa hannun Ernst Leitz a 1869, ta ɗauki sunansa. Sana'arsu a wancan lokaci ita ce ƙera madubin likita, wanda ake duba ƙwayoyin cuta da shi, wato mutane ne da suka tashi cikin awon da ko silin gashi ya yi masa kauri, kuma wannan tarbiyya ita suka shigo da ita harkar hoto.

A 1911 wani ƙwararren makaniki, Oskar Barnack, ya baro kamfanin Zeiss da ke Jena ya kama aiki a wurin Leitz. Mutum ne mai son yawon daji da ɗaukar hoto, ga shi yana fama da ciwon asma, alhali kyamarar zamaninsa akwati ce mai ƙafa uku, da fale-falen gilashi masu nauyi a madadin fim, kayan da sai an nemi ɗan dako. Larurar ƙirjinsa na cikin abin da ya sa ya yi ijtihadi, ya ɗauki siririn fim ɗin majigi mai faɗin milimita 35, ya kwantar da shi, ya haɗa gurbin hoto biyu ya zama ɗaya mai awon milimita 24 da 36, ya ƙera masa 'yar kyamarar ƙarfe da za ta shiga aljihun kwat, ya ɗauki hoton dandalin Eisenmarkt na Wetzlar da ita a 1914. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da maganar shekara goma, sai a 1924, bayan kuɗin Jamus ya zama takarda, ma'aikata na tsoron kora, Ernst Leitz na biyu ya yanke hukuncin a ƙera ta don kasuwa, ko da yake da yawa daga mashawartansa sun ƙi. Aka baje ta da sunan Leica a kasuwar baje-koli ta Leipzig a bazarar 1925.

Sharaɗin wannan ƙirƙira, wanda daga gare shi duk sauran labarin ya tsiro, shi ne cewa hoton da ke kan fim bai fi kan sarki girma da wani abin kirki ba, dole sai an faɗaɗa shi ninki-ninki wajen wanki, kuma duk aibin da ido ya yi, da shi za a faɗaɗa. Wanda aka ɗora wa wannan amana shi ne Max Berek, masanin ma'adinai ne tun asali, wanda ya zauna da alƙalami da jadawalin hisabi ya bi sawun haske sili-sili ta cikin gilasai har ya fitar da idon Elmar na milimita 50. Wannan lamba tana nuna faɗin abin da ido ke ɗebowa, gwargwadon ƙanƙantarta gwargwadon faɗin ganin: na 50 yana ɗebo kimanin digiri 47 daga kusurwa zuwa kusurwa, na 35 digiri 63, na 28 digiri 75, na 21 kuwa ya kai 90. Akwai kuma lamba ta biyu, ta ƙofar da haske ke shiga, ita ma a juye take, domin f/1.4 tana shigar da ninki biyu na hasken f/2, ita kuma ninki biyu na f/2.8. A 1930 aka mai da idon Leica abin cirewa da ɗaurawa, kuma cikin na farko da aka fitar har da Elmar na milimita 35 mai ƙofar f/3.5, wanda shi ne kakan dukkan waɗanda muke zance a kansu.

Bayan shekara biyu, a 1932, aka saka wa kyamarar ma'aunin nisa, kuma ya kamata mu ɗan dakata a nan, domin wanda bai fahimci wannan na'ura ba ba zai gane dalilin da ya sa ido mai faɗin gani ya zama ɗan gida a irin wannan kyamara ba. Ƙa'idarta ƙa'idar handasa ce da kowane mai ido biyu yake aiki da ita bai sani ba: tagogi biyu ne a goshin kyamara, da 'yar rata tsakaninsu, kowace tana kallon abu ɗaya daga tata kusurwa, sai a haɗa siffofin biyu a tsakiyar tagar da mai hoto ke leƙawa; idan ya murza idon, wani doro da ke bayansa yakan tura 'yar ƙafa a cikin kyamara, siffa ɗaya ta yi ta matsowa har ta hau kan 'yar'uwarta, da zarar sun zama ɗaya nisa ya daidaita. Fa'idar da ke ɓoye a nan ita ce wannan awo bai damu da wane ido aka ɗaura ba, ingancinsa ɗaya ne kullum, yakan gaza idan ido mai hangen nesa ne, amma ga mai faɗin gani ya isa har ya yi saura. Saɓanin kyamara mai madubi, wadda mai ita ke kallo ta cikin idon kansa, inda mai faɗin gani yakan nuna masa komai ƙanana kuma kamar duk a daidai, har ya rasa inda zai tsaya.

A wannan shekarar ce kuma Zeiss Ikon ta birnin Dresden ta fito da kishiya, wato Contax, aka shiga tsere. Zeiss ta yi ido na milimita 28 mai ƙofar f/8, Leitz ta mayar da martani a 1935 da nata mai f/6.3, wanda aka kira Hektor, sunan karen Berek, abin da ke nuna malamin bai ɗauki kansa da zafi ba. Dubi ƙanƙantar waɗannan ƙofofi: na f/6.3 yana bukatar haske ninki ashirin na abin da f/1.4 ke bukata, wato ido ne na tsakar rana. Illar tana cikin ɗabi'ar haske. Silin da ya shigo ta tsakiya a miƙe yake tafiya, ba ya ba da wahala, amma wanda ya shigo a karkace daga gefe yakan ga ƙofar a tsuke, ya yi tafiya mafi tsawo, ya kuma sauka a kishingiɗe, har masu hisabi suka tabbatar cewa a idon da ke ganin digiri 90, in ba a yi wata dabara ba, kusurwar hoto rubu'in hasken tsakiya kaɗai take samu. Ga kuma miƙaƙƙen bango da ke lanƙwasa kamar cikin tulu, ga launuka da ke rabuwa a bakin abu, kuma kowanne ka gyara sai ɗan'uwansa ya ɓaci, gwargwadon buɗe ƙofa gwargwadon tsanantarsu.

Mujtahidin wannan babi, a nawa ganin, Ludwig Bertele ne, haifaffen Munich a 1900, wanda bai yi karatun jami'a ba, a bakin aiki ya koyi sana'a tun yana matashi, ya kuma yi aiki a kamfanin Ernemann. A 1936 aka fitar wa Contax da idonsa Biogon na milimita 35 mai ƙofar f/2.8, wanda duk mai ganinsa abin da ke fara ba shi mamaki shi ne ƙaton gilashin bayansa da ke nutsewa cikin kyamara har ya kusa taɓa labulenta. Nutsewar ta yi yawa har Contax ɗin da aka sake ƙerawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu a Jamus ta Yamma ta kasa ɗaukarsa. A tsakanin nan Alexander Smakula na Zeiss ya gano a 1935 cewa in an shafa wa gilashi wani rufi siriri ƙwarai, hasken da ke tarwatsewa a fuskarsa yakan ragu, abin da ya ba da damar tara gilasai da yawa a ido ɗaya ba tare da hoto ya yi hazo ba, sai dai hukuma ta riƙe shi sirrin soja. Da yaƙi ya ƙare aka raba gado tun mai shi na da sauran numfashi: Rashawa suka kwashe injunan Contax suka kai Kiev, Biogon ya sake bayyana a ƙasarsu da sunan Jupiter-12, Canon da Nikon na Japan suka ɗauki darasi daga abin da suka tarar, shi kuwa Bertele ya ƙaura Suwizalan yana ƙera idanun ɗaukar taswira daga jirgin sama.

Daga can ne ya kawo Biogon na biyu, na milimita 21 mai f/4.5, wanda ya fito a 1954, bisa tafarkin da wani Barashe, Mikhail Rusinov, ya share a 1946. Hikimar ita ce a gina ido kamar tagwaye masu juya wa juna baya, manyan gilasai a waje gaba da baya, ƙanana a ciki, ƙofa a tsakiya, ta yadda laifin da rabin gaba ya yi rabin baya zai warware shi, bango ya fito a miƙe kamar an ja shi da igiyar magini, manyan gilasan wajen kuma su ƙara wa hasken gefe hanyar shiga. Sharaɗi ɗaya ne: dole gilashin baya ya zauna dab da fim, ba komai tsakaninsu. Kyamara mai ma'aunin nisa tana da wannan fili, domin daga bakin Leica M zuwa fim milimita 27.8 ne, kuma ido na iya kutsawa ciki. Kyamara mai madubi kuwa, irin Nikon F ta 1959, ratarta milimita 46.5 ce, saboda madubin da ke tashi yana komawa duk lokacin da aka danna, har ma idon 21 na farko da aka yi mata sai an ɗage madubin an kulle shi sa'an nan ya shiga.

Nan mazhaba ta biyu ta samo asali. Wani Bafaranshe, Pierre Angénieux, ya fitar a 1950 da ido na milimita 35 wanda aka sa wa ƙaton gilashi mai warwatsa haske a gaba, domin a iya janye sauran daga bakin fim a bar wa madubi hanya, ya kira shi Retrofocus, sunan da ya bi dukkan zuriyarsa. Rangwame ne da larura ta kawo, kuma yana da farashi, domin idon yakan yi girma, ya yi nauyi, layuka su ɗan kumbura. Saboda haka shekara da shekaru mabiya Leica suna kallon mabiya madubi da wani irin tausayi da ke gauraye da alfahari, suna nuna 'yan idanunsu da ba su fi murfin kwalba ba. Mai karatu ya riƙe wannan, domin zamani na zuwa da reshe zai juya da mujiya.

A 1954 ɗin dai, a birnin Kolon, Leitz ta baje M3, wadda harafin M nata ya fito daga kalmar Jamusanci mai nufin taga mai awo, aka haɗa ma'aunin nisa da tagar leƙe wuri ɗaya, da zanen fararen layuka da ke nuna iyakar hoto. Sabon bakin kyamarar an rage masa milimita ɗaya daidai daga na tsohuwa, domin a saka zobe a tsakani tsofaffin idanu su ci gaba da aiki, irin biyayya ga magabata da ta sa har yau Elmar na zamanin Barnack yana iya hawa kyamarar bana. Amma M3 layukan 50 da 90 da 135 kaɗai gare ta, mai son 35 sai an haɗa masa da wani tabarau da ke rufe tagogin ya faɗaɗa ganinsu. Sai M2 da ta biyo baya ta zo da layin 35, layin 28 kuwa bai samu shiga ba sai farkon shekarun 1980 a cikin M4-P, na 21 har yau sai an ɗora wata taga dabam a kan kyamara, a auna nisa ta ɗaya a tsara hoto ta ɗaya. Wato ƙirar gilashi ta daɗe da tsere wa taga, tagar kuwa ita ce iyakar da mai hoto ke rayuwa a cikinta.

Zamanin zinariya na wannan sana'a, wani abin mamaki, ba a Jamus kaɗai ya faru ba. A 1952, cikin fargabar yaƙin cacar baka, Leitz ta buɗe reshe a wani ƙaramin gari, Midland, a lardin Ontario na Kanada, ta tura wani matashi Walter Mandler, wanda ya tafi na ɗan lokaci ya zauna har ƙarshen rayuwarsa, ya tsara idanu fiye da arba'in, yana cikin na farko da suka sa kwamfuta aikin hisabin gilashi. A 1958 aka fitar da Summicron na 35 mai gilasai takwas, da Super-Angulon na 21 da kamfanin Schneider ya yi wa Leitz bisa tsarin tagwaye, a 1961 kuma Summilux na 35. Sunayen nan laƙabi ne na ƙofa: Summilux f/1.4, Summicron f/2, Elmarit f/2.8. Summilux ɗin Mandler in an buɗe shi duka yakan yi wa fitilu da fararen tufafi wani kewaye na hazo, abin da mai shi ya san aibi ne da ya kasa kawarwa, amma a yau akwai masu nemansa da tsada domin wannan aibin, suna kiransa haske, kamar yadda akan yi wa tsohon da ya shahara, har tuntuɓen harshensa a mai da shi fasaha.

Masu ɗaukar hoton titi su suka fi kowa sanin darajar waɗannan idanu. Henri Cartier-Bresson ya fi riƙo da 50, amma na bayansa, irin Garry Winogrand da ya yi ta yawo a titunan New York da ido na 28, sun gano cewa in ka tsuke ƙofa zuwa f/8 ka ajiye nisa a mita uku da ɗoriya, komai daga kimanin mita ɗaya da rabi har ƙarshen titi zai fito sarai, ba ka bukatar murza komai, sai ɗagawa da dannawa. Shi ya sa har yau ake zana ma'aunin wannan zurfi a jikin kowane ido, ake kuma yi masa ɗan maɗauri a ƙasa wanda yatsa ke sanin nisa da shi ba tare da an duba ba. Duk da haka kasuwa ta bi madubi, M5 ta 1971 ba ta karɓu ba, har aka kusa rufe babin M gaba ɗaya, sai reshen Kanada ne ya karɓi ƙirar a ƙarshen shekarun 1970 ya raya ta. Abin da ya biyo baya za mu taƙaita shi: aka koyi sarrafa gilashin da doronsa bai bi siffar ƙwallo ba, wanda da farko da hannu ake goge shi ɗaya-ɗaya, daga bisani aka riƙa matsa shi a mazubi, ya ba Summilux na 1994 kaifin da Mandler ya yi ta nema, a 1999 kuma kamfanin Cosina na lardin Nagano a Japan ya farfaɗo da tsohon sunan Voigtländer, ya fitar da ido na milimita 15 a farashin da ɗalibi zai iya tarawa, bayan 'yan shekaru ya shiga ƙera wa Zeiss idanunta masu bakin M.

Sai dijital ta zo, ta taɓa wurin da ba a zata ba. Fim bai damu da ta ina haske ya sauka a kansa ba, ko a miƙe ko a kishingiɗe zai karɓa. Sensa kuwa, wato ɗan allon lantarkin da ya gaje shi, tamkar fili ne cike da miliyoyin rijiyoyi, kowace da tacen launi a bakinta da gilashin kariya a samanta, kuma wanda ya taɓa leƙa rijiya da hantsi ya san rana ba ta kai wa ruwa sai ta tsaya a tsaka. Silin da ke fitowa daga gilashin da ke dab da sensa a karkace yake zuwa gefe, sai ya bugi bangon rijiya ko ya faɗa ta maƙwabciya, gefen hoto ya yi duhu, ɓangare ɗaya ya yi ja ɗaya ya yi kore, har masu hoto suka laƙaba wa abin tutar Italiya. Falalar da aka yi shekara hamsin ana taƙama da ita ita ce ta zama illa. Kamfanin Epson ne ya fara fitar da dijital mai ma'aunin nisa a 2004; Leica ta biyo da M8 a 2006, ta ƙanƙanta sensa don ta guje wa gefen, ta kuma sirance gilashin kariya zuwa rabin milimita, sai hasken da ido ba ya gani ya riƙa kutsawa, baƙaƙen tufafin roba suna fitowa shunayya, dole aka bi masu saye da tacen ɗaurawa a gaban ido. A M9 ta 2009 ne aka kai ga cikakken awon Barnack, ta hanyar gusar da ƙananan gilasan bakin rijiyoyin gefe zuwa wajen tsakiya domin su tari hasken, da kuma ɗige-ɗige shida baƙi da fari da ake yi a gindin kowane ido tun 2006, waɗanda kyamara ke karantawa ta san wanda aka ɗaura mata ta gyara masa gefensa.

Gyaran bai wadatar ga kowa ba. Tsohon Super-Angulon, da ma sabon Biogon na 21 mai f/4.5 da aka yi bisa sunnar Bertele, sun ci gaba da rina gefen hoto, mafakarsu mafi aminci ita ce kyamarar Leica Monochrom ta 2012, wadda ba ta ganin launi balle ta ɓata shi. Saboda haka masu ƙira suka sunkuyar da kai suka karkata zuwa mazhabar Angénieux, wadda da ma sun fara leƙa ta tun da aka saka wa kyamara ma'aunin haske a ciki: Super-Elmar na 21 da ya fito a 2011 ƙofarsa f/3.4, daidai da ta Super-Angulon na 1963, amma ya janye daga sensa. Voigtländer ta sake ƙera na 15 ɗinta a 2015 ya fito ya fi na da girma. Zeiss kuwa da ta tashi yin na 35 mai f/1.4 a 2014, sunan Distagon ta ba shi, sunan da ta saba ba idanun kyamara mai madubi, ga shi kuwa babu madubin da ake kauce wa.

To, mai zaɓe a yau ga abin da ya gada, kuma in an tambaye ni fatawa, zan ce ya fara da tagar kafin gilashin. Layin 35 yana zaune cikin tagar da sarari a kewayensa, mutum yana ganin mai tahowa tun bai shigo hoto ba, wanda shi ne babban abin da aka biya kuɗi dominsa. Layin 28 a can bakin taga yake, mai sa tabarau da ƙyar yake ganin kusurwoyinsa huɗu a lokaci ɗaya. Daga 24 zuwa ƙasa kuwa sai taga ta biyu ko allon bayan kyamara, wanda ya halatta tun M ta 2013, amma mai yin haka kullum ya kamata ya tambayi kansa me ya kawo shi wannan gida. Sa'an nan ya tuna ido yana zaune ne a ƙarƙashin tagar, gwargwadon girmansa gwargwadon yadda yake tare kusurwar dama ta ƙasa, har aka koma huda rumfar da ake sa masa domin a leƙa ta cikinta. Ƙofar f/1.4 larura ce ta zamanin fim, lokacin da magariba ke kore mai hoto gida. Sensar yau tana gani a duhun da idon mutum ke lalube, saboda haka abin da ya rage wa Summilux shi ne narkar da bayan hoto don fuska ta fito ita kaɗai, fa'ida ce ta gaske a 35, amma tana raguwa gwargwadon faɗin ido, alhali nauyi da kuɗi suna hauhawa: Summilux na 21 ya ninka Super-Elmar nauyi har da ɗoriya. Ni dai rinjayena yana ga f/2 ko f/2.8, ba na kuma ganin aibi ga wanda ya ɗauki na Cosina ya bar ragowar kuɗin don tafiya, in dai ya jarraba shi a kan farin bango ya duba gefe, tunda babu ɗige-ɗigen nan a gindinsa, sai ya zaɓar masa suna da hannu a cikin kyamara.

Akwai kuma iyaka ɗaya da ba ta gusa ba, wato ma'aunin nisa ba ya aiki ƙasa da santimita 70. APO-Summicron na 35 da aka fitar a 2021 yana matsowa har santimita 30, sai dai da zarar an wuce saba'in yatsa zai ji wani ɗan tsaiko, alamar cewa daga nan 'yar ƙafar ta saki, sai a koma allo. A can ɗaya ƙarshen kuwa, bayan kamfanin ya komo Wetzlar a 2014 daga garin Solms inda ya yi zaman shekaru, sai ga shi a 2016 ya sake fitar da Summaron na milimita 28 mai ƙofar f/5.6, gilasai shida bisa hisabin 1955 ba a sauya ba, tsawonsa bai kai santimita biyu ba, yana bukatar haske ninki goma sha shida na Summilux, yana kuma duhunta kusurwoyi kamar yadda kakansa ke yi. Abin da aka sabunta mai muhimmanci shi ne baki irin na M a madadin na murzawa, da ɗige-ɗige shida a gindinsa, kuma masu saye sun yi ta jiran layi kafin ya iso hannunsu.